Hannun Da Ke Kafaɗar Hajiya: Tafiyata Lakwaja

'Yan uwana mata, musamman ƙannena 'yan makaranta da ke ta aiko da saƙo suna tambayar ina na shige kwana biyu, kuma yaushe kashi na biyu na littafina zai fito. Ku ƙara haƙuri, yana nan tafe da yardar Allah. Wannan karon labarin gari na zo muku da shi, garin da da yawanku kun sha ratsawa a mota in za ku Kudu, wasunku kuma sunansa kawai kuka haddace a darasin tarihi don ku ci jarrabawa. Lakwaja nake nufi, babban birnin Jihar Kogi tun da aka ƙirƙiro jihar a 1991.

Abin da ya ɗaga sunan garin nan shi ne ruwa. Kogin Kwara ya taso tun daga duwatsun ƙasar Gini, ya ratsa Bamako da Yamai, ya yi tafiyar dubban kilomita. Binuwai kuma ya gangaro daga Kamaru, ya bi ta Garwa da Yola da Makurɗi. To a gaban Lakwaja suka yi kiciɓis, suka zama kogi guda suka nufi teku. Duk inda ruwa biyu suka haɗu kuwa mutane ma sai sun haɗu, shi ya sa a kasuwa ɗaya za ki ji Nufanci da Hausa da Yarbanci da Igala da Ibira, kowa na cinikinsa ba mai kallon wani.

Ni dai ba yawon buɗe ido ne ya kai ni ba, wani guntun hoto ne.

Da damina ɗakin kakata ta wajen uwa, wadda muke kira Hajiya, ya soma yoyo, sai aka ce mu fito da kayanta a gyara rufin. A ƙasan wani tsohon adudu, ƙarƙashin zannuwan saƙi masu ƙamshin turaren wuta, na ci karo da hotuna ƙunshe a cikin ɗankwali. Wasu masu kala ne, na bikin su Umma, duk sun koɗe sun koma jajaye kamar an tsoma su a ruwan zoɓo. Wasu kuma baƙi da fari ne, masu gefe tsaga-tsaga kamar haƙoran zarto, su kam tas da su kamar jiya aka wanko. A cikinsu akwai na wata budurwa zaune a kan kujera, ta sha ɗauri ta sha kwalli, ta kafe mai ɗaukar hoton da ido ko murmushi babu. Ba sai an gaya mini ba, Hajiya ce tana 'yar shekara sha bakwai ko sha takwas. Sai dai an bi gefen hoton da reza an yanke rabinsa, abin da ya rage na wanda aka yanke ɗin hannu ne guda ɗaya dafe da kafaɗar Hajiya, hannun mace, da lalle da munduwar azurfa mai kauri. A bayan hoton akwai guntun hatimi, haruffa huɗu kawai reza ta bari: KOJA.

Na kai mata na ce, "Hajiya, wannan hannun na wace ce?" Ta karɓa ta matso da shi dab da idonta, don ganinta ya yi rauni, ta daɗe tana shafa wurin yankan da ɗan yatsa, can ta ce, "Mayar da shi inda kika gan shi." Daga nan ta ja bakinta ta tsuke.

Umma ce ta ɗan gutsura mini abin da ta sani, shi ma ba yawa. Mahaifin Hajiya fatauci ya kai shi Lakwaja, ya zauna can shekaru da iyalinsa. 'Ya'yansa mata biyu ne, amma da ɗaya ya dawo Kano, kuma har ya koma ga Mahaliccinsa ba a ƙara ambatar sunan babbar a gidan ba. Ita kanta Umma ba ta san sunan yayar mahaifiyarta ba, kin ji fa.

Bayan kwana uku, da daddare, Hajiya ta aika a kira ni. Ta zaro wata 'yar ambulan ruwan ƙasa daga cikin matashinta ta miƙo mini. A ciki akwai wani baƙin abu mai sheƙi kamar leda mai tauri, murabba'i, bai kai tafin hannuna ba. Ta ce, "Ke da ba kya zama wuri ɗaya, in ƙafarki ta kai ki garin nan ki tafi da wannan. Ni dai kwanana sun ja." Wallahi daren nan barci sai ɓarawo.

Da Yayana muka tafi, don kun san ba za a bar ni ni kaɗai ba. Muka kwana Abuja gidan ƙanin Abba, da sassafe muka kama hanyar Gwagwalada, Abaji, Kotonƙarfe, tafiyar kusan kilomita 200. Ban san lokacin da na yi salati da ƙarfi ba sa'ad da motarmu ta hau gadar Murtala da ke Jamata, na leƙa ta taga na ga ruwa iya ganina, ga tsibiran yashi fari fat, ga kwale-kwale can ƙasa kamar ɓawon gyaɗa. Wadda duk ruwan da ta sani bai wuce na Tiga ko Challawa ba dole ta yi shiru a nan. Direbanmu ya ce a ambaliyar 2012 da ta 2022 ruwa ya shanye wani sashe na wannan hanya, motoci suka yi kwanaki a tsaye, Arewa da Kudu suka rabu kamar an datse da wuƙa.

Zafin Lakwaja kuwa ba irin namu ba ne. Namu ƙuna yake yi, nasu dafa mutum yake, gumi na tsatsafo miki ko kina zaune a inuwa. Duk wata hoda da na shafa kafin azahar ta bi ruwa.

Washegari muka hau Dutsen Patti da ya yi wa garin rumfa, tsayinsa ya haura mita 400. Kalmar ma a Nufanci tudu take nufi. A samansa akwai ɗan gidan hutawar Lugga, ƙarami ne ƙwarai, har na yi mamaki. A garin nan ne ranar 1 ga Janairu 1900 Lugga ya sa aka ɗaga tutar Ingila, ya karɓi mulki daga hannun kamfanin Turawa da ke ciniki a kogin, ya ce Arewa ta shiga hannunsu, alhali a lokacin ko Kano ba su ci ba. Daga kan dutsen ana hango mahaɗar ruwan sosai, da rufin kwanon gidaje, da hasumiyoyin masallatai da na coci. Na yi ta ɗauka da wayata har sai da Yaya ya ce in bar wa gobe.

Da muka sauko na ce lallai sai mun je mun gai da namu. Ƙila ba kowa ya sani ba, a Lakwaja Turawa suka tsare wasu sarakunan da suka tuɓe. Sarkin Kano Alu Babba, wanda aka ci Kano a zamaninsa a 1903, a nan ya ƙare rayuwarsa, ya rasu a 1926. Haka Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi, mashahurin marubucin waƙoƙi, ya rasu nan a 1924. Muka tsaya muka yi musu addu'a. Jikina ya yi sanyi, na ce ashe garin nan ya daɗe yana riƙe mutanen da aka raba da gida.

Neman mai hoto shi ya ci mana yini guda. Duk shagon da muka shiga sai mu tarar da samari a gaban kwamfuta suna buga fasfo, in na nuna musu baƙin abin nan sai su jujjuya shi su miƙo mini. A shago na biyar ne wani ya ce mu je wajen wani dattijo da ya daina aiki, yana zama a ƙofar gidansa cikin tsohon gari kusa da bakin ruwa.

Mun same shi a kan benci yana sauraron rediyo. Bayerabe ne amma Hausa a bakinsa kamar Bakano. Muka gaisa, na durƙusa na miƙa masa ambulan ɗin. Bai taɓa tsakiyar abin ba, gefe da gefe ya riƙe da yatsu biyu, ya ɗaga shi sama saitin haske, sai na ga fuskarsa ta washe. Ya ce, "'Yata, kin san abin da kika riƙo? Wannan shi ne uwar hoto. Negetif muke ce masa. Takardar da kuke ajiyewa 'ya ce kawai, in ta yage ko ta ɓace, muddin uwar na nan sai a sake haifo wata."

Ya tura jikansa ya ɗauko wata kyamara baƙa mai idanu biyu, ɗaya bisa ɗaya, Yashica. Ba a kanga ta a ido kamar yadda muka saba gani, a ciki ake rataye ta, a buɗe murfin sama a sunkuya a leƙa. Ya ce in leƙa. Na ga Yaya a cikin gilashin, amma da ya ɗaga hannun dama sai na gan shi ta ɗaya ɓangaren, na kuwa ƙyalƙyale da dariya. Baba ya ce fim ɗin da ake sa mata hoto 12 kacal yake ɗauka, ƙananan kyamarori da suka zo daga baya su ne masu 24 ko 36. Saboda haka ba a danna wa banza. Sai an gyara wa mutum zama, an ɗaga masa haɓa, an daidaita ɗaurin, an ce kada ya motsa. Shi ya sa kakanninmu ba sa dariya a hoto, abin da aka biya kuɗi aka ci ado dominsa, wataƙila sau ɗaya a shekara ranar Sallah, ai ba wurin wasa ba ne. Kuma ba a ganin sakamako nan take, sai an dawo bayan kwanaki, gaba na faɗuwa ko an yi kyau ko an rufe ido.

Na tambaye shi me ya sa ake cewa "wanke" hoto. Ya ce ai wankin ne na gaskiya. A ɗakin duhu ake fito da fim a tsoma shi a ruwan magani na farko har surar ta fito, a sa a na biyu da ke kafe ta don kada haske ya ƙara taɓa ta, sannan a ɗauraye da ruwa mai yawa a shanya. Daga nan a haska negetif ɗin a kan takarda ta musamman ƙarƙashin jan ƙwai, ita ma a bi da ita cikin ruwan magani. Ya ce duk shekarun da ya yi yana aikin bai daina jin daɗin lokacin da fuskar mutum ke tasowa a hankali daga farar takarda a cikin tasa ba, idanu su ne kan fara fitowa.

Shi ya warware mini abin da ya ɗaure mini kai game da hotunan adudu. Na baƙi da fari, ƙwayoyin azurfa ne suka yi surar, in an ɗauraye shi da kyau zai haura shekara ɗari. Wanda ya yi rawaya, mai wankin ne ya yi ha'inci wajen ɗauraya. Masu kala kuwa rini ne, kuma rinin ba ya koɗewa tare, wani launi kan riga wani gudu, shi ya sa hotunan bikin iyayenmu suka koma jajaye. Wato na kaka ya fi na uwa ƙarko, ikon Allah!

Ya ɗan yi tsaki da aka zo maganar yadda sana'ar ta mutu. Ya ce abin haushin ma, a kamfanin Kodak da ya fi kowa sayar da fim a duniya aka fara ƙera kyamarar da ba ta buƙatar fim, a 1975, kuma irinta ce ta durƙusar da kamfanin har ya nemi kariyar kotu saboda bashi a 2012. Har yau dai ana yin fim, matasa a wasu ƙasashe ma sun koma yayinsa, amma shi ɗakin duhunsa ya zama wurin ajiye buhunan gari. Na ce to ina negetif ɗin mutanen da ya ɗauka? Ya nuna bangon gidan, inda wani layi ruwan ƙasa ya bi ya wuce tsayin ƙuguna. Ya ce, "Ruwan 2012 ya kwana uku a ɗakin nan. Kwali goma sha, nawa da na maigidana da ya koya mini aiki. Amare, 'yan makaranta, sojoji, jarirai. Da ruwa ya janye duk sun manne sun narke, fuskokin sun zama kunu." Ya yi shiru, mu ma muka yi shiru.

Jikan nasa ne ya yi mana dabara. Ya buɗe farin shafi a wayarsa ya ƙure haskenta, ya ɗora negetif ɗin a kai, ya ɗauka da tawa wayar, sannan ya juya launin, baƙi ya koma fari, fari ya koma baƙi. 'Yar uwa, gani ya kori ji. Ga Hajiya zaune, ga kuma mai hannun tsaye a bayanta, doguwa, mai dogon wuya, ta ɗan karkata kai, bakinta kamar tana danne dariya. Kamarta da Ummana har ta ɓaci. Hawaye kawai na ji yana bin kumatuna, Yaya kuwa ya juya baya wai yana amsa waya.

A bayansu akwai labule da aka zana jirgin ruwa mai hayaƙi da bishiyar kwakwa. Baba ya ce ko a mafarki ya san labulen nan, na maigidansa ne, shi da kansa ya sha naɗe shi yana yaro. Amma ya ce abu ɗaya ya ba shi mamaki, masu hoto ba sa ba da negetif, riƙewa suke don a dawo wurinsu a ƙara wanki. Sai wanda ya nace ya biya kuɗi na daban. Ya ce, "Wani ya so hoton nan ƙwarai." Ya shawarce mu mu gangara wurin mata masu bandar kifi, don a cewarsa babu auren da aka ɗaura ko aka kashe a tsohon gari da ba su da labarinsa.

Bakin ruwan Lakwaja da yamma wuri ne da zan so kowace marubuciya ta gani. Hayaƙin banda ya turnuƙe, tarwaɗa an lanƙwashe ta an soke a jere, ga giwan ruwa, ga yara tsirara suna alkafura daga kan kwale-kwale, mata na wanki suna waƙa da harshen da ban sani ba. Muka bi rumfa rumfa da waya a hannu. 'Yan matan suka yi ta dariyar ɗaurin da, tsofaffin kuwa sai su karɓa su ƙura ido. Wata tsohuwa da ba ta da haƙori ko ɗaya ta duba ta duba, sai ta tafa hannu ta ce, "Bakanuwa ce! Matar mai fito!" Ta ce Allah ya yi mata rasuwa shekarun baya, amma 'yarta na nan, ga ma rumfarta can ta uku.

Ba sai na nuna mata waya ba. Tun daga nesa na hango munduwar a hannunta tana juya kifi a kan waya. Na yi sallama, murya na rawa na ce daga Kano muke. Ta dube ni sama da ƙasa, ta saki abin da ke hannunta, ta ce, "Ke jinin ƙanwar Inna ce." Ta rungume ni da ƙaurin hayaƙinta da komai, muka yi ta kuka a tsakiyar kasuwa mutane na kallo.

A gidanta, cikin firam a bango sama da inda ruwa ya taɓa kaiwa, ga hoton nan cikakke ba yanka. A nan na ji sauran labarin. Mahaifinsu ya yi wa wani abokin fataucinsa alkawarin babbar 'yarsa, ita kuwa zuciyarta na wurin wani saurayi Banufe mai tuƙa jirgin fito, tun ba a gina gada ba. Aka yi rarrashi, aka yi faɗa, ta ƙi, magana ta kai gaban alƙali, aka ɗaura mata aure da wanda take so. Tsohon ya yi fushi ya tattara iyalinsa ya koma Kano. Hoton nan a Sallarsu ta ƙarshe tare aka ɗauke shi. Inna ta ce mahaifiyarta ta san halin ubanta, ta san zai sa reza, shi ya sa ta sayar da 'yan kunnenta ta sayi negetif ɗin, ta cusa a cikin kayan ƙanwarta daren da za su tafi, ta ce mata duk abin da aka yanke a nan yana nan.

Na san masu karatuna, yanzu wasu sun fara cewa ga soyayya ta yi nasara. Inna ta ce iyayenta sun zauna lafiya shekara arba'in da wani abu, ko kishiya ba a yi mata ba, wannan gaskiya ne. Amma ta ce duk Sallah mahaifiyarta kan sauko da hoton ta goge shi da gefen zaninta ta shige ɗaki, ranar ba mai ganin dariyarta. Ta aika saƙo Kano ta hannun fatake ya fi a ƙirga, ba amsa. Ni a ganina tsohon ya tsaurara da yawa, Allah ya gafarta masa, kuma waɗanda suka biyo bayansa sun fi shi laifi, don shi fushi ya yi, su kuwa shiru kawai suka gada suka riƙe shekara hamsin ba su san dalilinsa ba.

Kafin in manta, ga saƙon Baba mai hoto gare ku. Kada ku kai tsohon hoto a yi masa leminatin, zafi da gam ɗin na lalata shi kuma ba ya ɓaruwa. Ku raba shi da albam mai danƙo, ku nisanta shi da rana da laima, ku riƙe shi ta gefe. In kun ga negetif kada ku yar, ku sa shi a ambulan ta takarda. Ni kuma na ƙara da nawa: ku ɗauki fensir, ba biro ba, ku zauna gaban kakanninku tun suna iya gane fuska, ku rubuta sunan kowa a bayan hotonsa. Hotuna goma sha ɗaya na ƙirga a gidan Inna da ba wanda ya san ko su waye a ciki, mai sanin ta tafi.

Ranar da za mu taho ɗan Inna ya ɗauke mu a kwale-kwalensa mai inji har tsakiyar mahaɗa. Na ƙanƙame gefen jirgin ina ta addu'a, shi kuwa yana ta yi mini dariya wai jikar mai fito ce ke tsoron ruwa, na ce a'a, ni jikar mai gudun ruwa ce. Ya nuna mini inda launin ya bambanta, ɗaya ya fi ɗaya duhu, suna tafiya kafaɗa da kafaɗa wani ɗan nisa kafin su gauraye.

Daga nan cikin jirgin na kira Umma na ce ta kai wa Hajiya wayar. Na gaya mata komai, har da rasuwar, don ba a ɓoye wa babba mutuwa. Ta yi salati, ta yi shiru har na zaci layin ya yanke. Can sai na ji ta ambaci wani suna, sau biyu, a hankali, sunan da ban taɓa ji a gidanmu ba. Sannan ta gyara murya ta ce, "Munduwar tana nan?" Na ce tana hannun 'yarta. Ta ce, "To ku taho mini da ita, da mai hannun gaba ɗaya."

Haka muka hau gadar Jamata mu uku a kujerar baya, Inna a tsakiya da kwandon bandar tarwaɗa a cinyarta da firam ɗin naɗe cikin zani, tana tambayata ko gaskiya ne sanyin Kano har fasa leɓe yake yi.